Inda na kwana da littafin gwiwoyin dangin karyata

Jama'a barkanmu da war haka, musamman ku da muke koyon kiwon karnuka irin Labrado da Golden tare. Na ce muku zan buɗe littafi in rubuta lafiyar dangin karyata kaf kafin in yarda a kai ta barbara, toh ga inda aka kwana. Shafin kwatangwalo da na idanu ba su ba ni wahala ba, don akwai takarda, ƙungiyar OFA ta Amurka tana duba hoton ƙashi ta ba da shaidar kwatangwalo in kare ya cika wata 24, ka karɓa ka kwafa shikenan. Shafin da ya tsaya min a wuya shi ne na jijiyar nan ta cikin gwiwar ƙafar baya, wadda likitocin dabbobi ke kira kurushiyet, ita ce ke riƙe ƙashin ƙwauri kar ya zame gaba ya bar ƙashin cinya. Hoton kwatangwalo ba ya gaya maka komai a kanta, kare zai iya fitowa da takarda fes amma gwiwarsa tana kan hanyar lalacewa.

Abin da ya kamata kowa ya fara ganewa shi ne a kare yawanci ba hatsari ba ne kamar yadda take tsinke wa ɗan ƙwallo a fili. A hankali take rubewa, kamar igiyar da ke sakin zare ɗaya-ɗaya, sai wata rana kare ya yi ɗan tsalle na banza ta ƙarasa, mai shi kuma ya rantse tsallen ne ya jawo. Shi ya sa in na tambayi masu 'yan uwan karyata suka ce min "ai faɗuwa ya yi" ina rubutawa dai a matsayin tsinkewa, ba na cire shi daga lissafi. Kuma a Labrado kusan rabin waɗanda ƙafa ɗaya ta tsinke musu, ɗayar ma tana biyo baya, sau da yawa ma ba a daɗe ba, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka matsalar a jiki take.

Maganar gado kuwa an yi aiki a kai sosai. A karnukan Niyufanlan wani bincike na 2006 ya sa rabon gado a 0.27, wato kashi 27 cikin 100, a Labrado kuma masu bincike na jami'ar Wiskonsin, ɓangaren Farfesa Peter Muir, sun ce kusan kashi 62 cikin 100 gado ne, sauran muhalli. A kula fa, wannan ba yana nufin ɗan kwikwiyonka yana da kashi 62 na kamuwa ba, ma'anarsa ita ce bambancin da ake gani tsakanin karnuka, wannan ya kamu wancan bai kamu ba, kaso mafi yawa daga gado ya fito. Kuma ba ƙwayar gado ɗaya ba ce da za ka gwada a ce "yana ɗauke da ita" ko "ba ya ɗauke da ita" irin yadda muke yi da wasu cututtukan ido, wurare ne masu ɗimbin yawa kowanne ya ɗan ƙara kaɗan, don haka uwa lafiyayya da uba lafiyayye za su iya haɗuwa su haifi mai ɗingishi, babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu. A 2022 su Wiskonsin ɗin sun fito da gwaji na Labrado da ke tattara waɗannan wuraren ya ce maka haɗarin kare sama yake ko ƙasa. Ni dai ina ganin abu ne mai kyau, amma na Labrado ne, masu Golden kar ku ɗauka ya shafe ku, kuma ban ga ya hutar da mutum daga tambayar dangi ba.

Nan ne ainihin wahalar take. Karya ana kai ta barbara tana da shekara biyu ko uku, jijiyar kuma sau tari sai a tsakiyar shekaru take ba da kai, wato lokacin da za ta fara ɗingishi 'ya'yanta sun riga sun watsu gidajen mutane, wasu ma sun haifi nasu. Su kansu masu binciken ba sa lissafa Labrado a cikin lafiyayyu sai ya kai shekara 8 gwiwarsa ƙalau. Na ari wannan ƙa'idar. A littafina duk karen da bai kai 8 ba na bar gurbinsa a shafin da alamar tambaya, komai kyan gudunsa. Da na yi haka sai shafin ya koma kusan duk alamar tambaya, wallahi abin dariya, amma gara haka da in ruɗi kaina. Sai na daina kallon uwa da uba kawai na koma kakanni da waɗanda suka fito ciki ɗaya da su, musamman waɗanda aka sayar a matsayin karen gida ba na kiwo ba, don su ne ba wanda ke bibiya kuma masu su ba su da dalilin ɓoye maka komai. Masu kiwo kam wani in ka ambaci gwiwa sai ya sauya magana ya koma lambobin yabo.

Yadda nake tambaya ma na gyara. In ka ce "ya taɓa tsinke jijiya?" za a ce a'a. In ka ce "yaya yake zama?" sai labari ya fito. Kare mai lafiyar gwiwa yana naɗe ƙafafun baya daidai a ƙarƙashinsa, mai matsala kuma sai ya miƙe ɗaya gefe yana zaman karkace. Akwai wani tsohon kare a dangin uban da na je na gani da idona, yana tsaye amma ƙafar hagu yatsu kawai yake ɗan dangwalawa a ƙasa, da na shafa cikin gwiwar na ji wani kauri mai tauri da babu shi a ta dama, cinyar ma ta fi ɗayar sirancewa, mai shi kuma yana ce min tsufa ne kawai. Na roƙe shi ya kai shi likita, don gwajin tura ƙwauri gaba a ji ko yana zamewa aikin likita ne, kar wani ya je yana murɗa ƙafar kare a gida.

Na ƙara gida biyu a shafin saboda ɓangaren muhalli, ƙiba da lokacin dandaƙa. Binciken jami'ar Kalifoniya ta Debis na 2013 a kan Golden 759 bai sami tsinkewar ko ɗaya ba a waɗanda ba a dandaƙe ba, amma waɗanda aka yi musu kafin shekara ɗaya an samu kashi 5 a maza, kashi 8 a mata. Ƙiba kuma kun san Labrado da ci, a 2016 masu bincike a Kambirij sun gano wani gibi a ƙwayar gadon POMC da ke sa su jin yunwa kullum, kusan ɗaya cikin huɗu na ɗauke da shi. Toh in na ga tsinkewa a kare mai teɓa da aka dandaƙe tun yana ƙarami ina rubutawa amma da ɗan sassauci, in kuma siriri ne ba a taɓa shi ba kuma jijiyoyin gwiwa duka biyun suka tafi tun yana matashi, wannan jan biro nake sa masa.

Wani zai ce ai akwai tiyata. Akwai, TPLO da Barclay Slocum ya fito da ita a 1993 tana aiki sosai, ana yanka saman ƙashin ƙwauri a juya shi a ɗaure da ƙarfe, sai kare ya yi wajen wata biyu zuwa uku a tsare kafin ƙashin ya haɗe, ga sanyin gaɓa da ke iya biyo baya duk da haka. A 2003 kaɗai an ƙiyasta masu karnuka a Amurka sun kashe dala biliyan 1.32 a kan wannan jijiyar. Kuma karen da aka gyara yana gudu lafiya lau, gadonsa na nan yadda yake, shi ya sa yanzu nake duba tabon ɗinki a cikin ƙwaurin duk namijin da aka tallata min.

Yanzu haka namijin da na fi so na ajiye shi gefe, jan biro biyu ne a ɓangaren uwarsa. Namiji na biyun bai kai shi kyan kai ba amma kakanninsa sun tsufa a kan ƙafafunsu, saura 'yan uwan ubansa da nake jiran amsa daga masu su. Duk wanda ya riga ya yi gwajin Wiskonsin ɗin a cikinku don Allah ya faɗa min ko sakamakon ya dace da abin da ya sani na dangin karensa, zan so in ji kafin in aika nawa.