Daga Saint-Jean zuwa Roncesvalles: zangon ƙetare tsauni a hanyar Santiago

Hanyar ziyarar ibada ta Kiristoci da ake kira Camino de Santiago tana da rassa da yawa, amma wanda ya fi suna shi ne wanda ya taso daga kudu maso yammacin Faransa, ya ƙetare tsaunukan Pyrenees, ya ratsa arewacin Sifaniya har birnin Santiago de Compostela, tafiyar kusan kilomita 800. A can ne mabiya ɗariƙar Katolika suke ziyartar kabarin da suka yi imani na Yaƙub ɗan Zabadi ne, ɗaya daga cikin almajirai goma sha biyu na Yesu Almasihu, kabarin da aka ce an gano shi a farkon ƙarni na 9, zamanin Sarki Alfonso na Biyu na Asturias. Masu niyyar taka wannan reshe gaba ɗayansa sukan fara daga wani ɗan gari mai ganuwa, Saint-Jean-Pied-de-Port, kuma zangonsu na farko, wanda yake kai su Roncesvalles, shi ne wanda na taka da ƙafata nake kuma son in yi bayaninsa.

In aka dubi nisan a takarda, kimanin kilomita 25, babu abin da zai tayar wa mai lafiya hankali. Wahalar tana cikin hawa. Saint-Jean yana ƙasa da mita 200 bisa teku, mashigin Lepoeder, wanda shi ne wuri mafi tsawo a wannan zango, ya haura mita 1,400, sannan Roncesvalles yana kimanin mita 950. Ke nan matafiyi zai hau fiye da mita 1,200 a cikin kilomita ashirin na farko, ya kuma sauko kusan mita 500 a cikin ɗan abin da ya rage. Mai matsakaicin ƙarfi yana cinye awa bakwai zuwa tara a hanya, shi ya sa tun kafin gari ya waye ake jin ƙarar sanduna a kan duwatsun da aka shimfiɗa a titin Citadelle. A wannan titi ne ofishin maziyarta yake, inda masu aikin sa kai suke ba mutum ɗan littafin da za a riƙa buga masa hatimi a kowane masauki, su nuna masa taswirar hawa da gangara, su kuma gaya masa gaskiyar yanayin sama. Wannan bayani na ƙarshe ya fi duk sauran muhimmanci.

Ana tsallaka kogin Nive ta kan gada, a fita gari ta ƙofar da ake kira ƙofar Sifaniya, daga nan kwalta ta fara miƙewa sama ba sassautawa. Kilomita takwas na farko, ta Hunto zuwa Orisson, su ne mafi tsanani a wajen numfashi, kuma a nan ne ake gane wanda ya cika jakarsa da kayan da ba ya bukata. Na ga mutane suna zaune a gefen hanya suna buɗe jaka suna duban littattafai da takalma na biyu kamar ba su ne suka zuba su ba. A Orisson akwai masauki da wurin cin abinci, kuma duk wanda ya wuce wannan yanki ya kamata ya san abin da ya ɗaukar wa kansa, domin daga nan har Roncesvalles, kusan kilomita 17, babu gari babu ƙauye. Tsaunin ne ya yanke tsawon wannan zango, matafiyi ba shi da ta cewa.

Bayan Orisson itatuwa suna ƙarewa, sai filin kiwo a buɗe, ciyawa gajera, tumakin Baskawa, wato mutanen wannan yanki, da ƙararrawa a wuya, da ƙananan dawakai da suke yawo ba makiyayi a kusa, ungulaye kuma suna shawagi a sama. Da nonon waɗannan tumaki ake yin cukun da yankin ya shahara da shi. A kan wani dutse akwai mutum-mutumin Maryamu da makiyaya suke girmamawa, mutane da dama sukan tsaya a wajensa, wasu don addu'a, wasu don su sami dalilin hutawa. Hawan ya ɗan yi sauƙi a nan, amma iska ta karɓi aikin, kuma hazo yana iya sauka cikin ɗan lokaci ya rufe komai har mutum ya kasa ganin wanda ke gabansa. A irin wannan hali ne ake sanin darajar alamomin hanya. Kibiyoyi masu launin rawaya da suka zama tambarin Camino aikin wani limamin coci ne na ƙauyen O Cebreiro, Elías Valiña, wanda ya fara shafa su da fenti a shekarun 1980, lokacin da hanyar ta kusa mutuwa saboda ƙarancin masu bin ta.

Kusa da iyakar Faransa da Sifaniya, bayan an bar kwalta an shiga turba, akwai wani marmaro da aka sa wa sunan Roland, inda kowa yake cika gorarsa. Sunan yana da labari. A watan Agusta na shekarar 778, Sarki Charlemagne na Farankawa yana komawa gida daga Sifaniya bayan ya kasa shiga birnin Zaragoza, ya kuma rushe ganuwar birnin Pamplona a hanyarsa, sai Baskawa suka yi wa rundunar da ke tsaron bayansa kwanton ɓauna a waɗannan tsaunuka, suka karkashe su, har da wani jarumi mai suna Roland. Bayan kimanin shekara ɗari uku, a zamanin da Turai take shirin yaƙe-yaƙen da ta kai Gabas ta Tsakiya da sunan addini, mawaƙan Faransa suka sake fasalin labarin, suka mayar da maharan Musulmi, kuma wannan sigar ce ta yaɗu a Turai tsawon ƙarnuka. A ganina, wanda ya tsaya shan ruwa a wurin ya cancanci a gaya masa cewa mutanen tsaunin ne suka rama ɓarnar da aka yi wa birninsu. Iyakar kanta ba ta da shinge ko jami'i, wani dutse ne kawai da aka rubuta Navarra a jikinsa, wato sunan yankin Sifaniya da ake shiga.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan zango shi ne yadda kusan duk wani gini da doka da ke kansa amsa ce ga haɗarin tsaunin. A shekarar 1127 ne Bishop Sancho de Larrosa na Pamplona ya kafa masaukin maziyarta a wannan yanki, saboda mutane suna mutuwa a dusar ƙanƙara, kyarketai kuma suna far musu. A mashigin Ibañeta, a da, akwai wata ƙaramar majami'a da ake kaɗa ƙararrawarta idan hazo ya sauka, don wanda ya ɓata ya bi sauti. A zamaninmu kuwa, gwamnatin Navarra tana rufe wannan hanya ta sama, wadda ake kira hanyar Napoleon, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, ta tilasta wa kowa bin kwarin Valcarlos, inda hawan yake tsayawa a mita 1,057 kuma akwai ƙauyuka a hanya. Bahaushe ba zai ji wannan tsari baƙo ba, domin kakanninmu da suka tafi aikin hajji a ƙafa ta Borno da Wadai da Darfur har gaɓar Bahar Maliya su ma rijiya da masauki ne suke yanke musu zango, kuma da yawa daga Hausawan Sudan na yau zuriyar waɗanda hanya ta riƙe ne.

Gangarar da ke bayan Lepoeder ita ce ta fi cutar da jiki, ko da yake ba a cika maganarta ba. Hanya biyu ce: ɗaya ta miƙe kai tsaye cikin kurmi, gajera amma mai tsananin gangara da santsi idan an yi ruwa, ɗayar kuma ta zagaya ta Ibañeta, ta ɗan fi tsawo amma ta fi sauƙi ga gwiwa. Na bi ta Ibañeta bisa shawarar mutanen ofishin Saint-Jean. Ƙafar da ta yini tana hawa ba ta da sauran ƙarfin riƙe mutum a gangara, yatsu suna dukan bakin takalmi a kowane taku, a nan ne bororo yake fitowa, a nan ne kuma sanda take biyan kuɗinta.

Roncesvalles bai kai a kira shi gari ba, tarin manyan gine-ginen dutse ne a gindin tsauni. Masaukin yana da gado 183, masu aikin sa kai daga ƙasar Holan ne suke karɓar baƙi, su nuna wa mutum inda zai cire takalmi kafin ya shiga. Babbar majami'ar wurin Sarki Sancho na Bakwai na Navarra ne ya gina ta a farkon ƙarni na 13, kabarinsa ma yana nan. Da yamma ana yin taron addu'a, a ƙarshensa a kira maziyarta gaba a sa musu albarka da harsuna daban-daban, kuma a cikin waɗanda suka tashi akwai masu ibada, akwai masu neman hutun zuciya, akwai kuma waɗanda motsa jiki kawai ya kawo su.

Ra'ayina shi ne bai dace wanda bai saba da doguwar tafiya ba ya mayar da wannan zango ranarsa ta farko a dunƙule. Raba shi biyu ta hanyar kwana a Orisson ba gazawa ba ce, sai dai gadajen wurin kaɗan ne, dole a kama wuri tun da wuri, bin Valcarlos ma hanya ce ta tarihi da maziyarta suka daɗe suna bi. Takardar shaidar da ake bayarwa a Santiago kilomita 100 kawai take nema daga mai tafiya a ƙafa, shi ya sa jama'a masu yawa suke farawa daga garin Sarria, can kusa da ƙarshen hanyar. Wanda ya zaɓi ya fara daga Saint-Jean kuwa, allon da ke bakin titi a Roncesvalles zai shaida masa cewa saura kilomita 790, kuma zangon washegari shi ne Zubiri, kimanin kilomita 21, wanda shi ma da gangara mai duwatsu yake ƙarewa.