Kwana na tara a sashen gaggawa na asibiti

Laraba, 29 ga Afrilu, 2020. Shida ga azumi, Kano.

Yanzu na fito daga wanka, kayan aikina na jiƙe su a bokiti da Jik. Umma ta ajiye min kunu a ƙofar ɗaki ta koma. Tun ranar da na fara aiki ban zauna kusa da ita ba, saboda ciwon suga gare ta, kuma ban san abin da nake kwasowa ba.

Shekaranjiya da dare Shugaba Buhari ya sanar da dokar kulle ta mako biyu a Kano saboda korona. Titi fayau, ko adaidaita babu. Yaya ne ya kai ni aikin yamma a babur, sau uku ina nuna katin aiki a shinge.

Matiron, shugabar ma'aikatan jinya, ta ajiye ni a bakin ƙofa, wurin tantance masu zuwa. A makaranta abin da sauƙi a takarda: wanda ya fi jin jiki shi ake fara dubawa. Amma yau kusan kowa da zazzaɓi ya zo. A zafin Afrilu zazzaɓi na iya zama maleriya, na iya zama sanƙarau, ga Lassa ba ta gama tafiya ba, yanzu kuma ga korona, wadda ranar 11 ga watan nan aka tabbatar da ita a jihar. Ga masu hawan jini da suga da suka ce sun tarar da ƙananan asibitocin unguwarsu a rufe.

Bayan la'asar wani saurayi ya riƙo mahaifinsa, dattijo mai farin gemu. Baban yana magana tsaf, har yana ba ni haƙuri wai sun dame mu. Na maƙala masa na'urar auna iskar oksijin ta cikin jini a yatsa, ta nuna 78. Lafiyayyen mutum daga 95 yake zuwa sama. Na ɗauka na'urar ce ta samu matsala, na sauya yatsa, na murza hannun ya ɗan yi ɗumi, ta sake nuna 78. Gabana ya faɗi.

Ɗan ya matso ya rage murya ya ce, "Sista, ba ita ba ce ko?" Ko sunanta bai iya kamawa ba. Na ce masa sai an ɗauki samfur an gwada, kuma sakamakon kan ɗauki kwanaki.

Muka kai Baba ɗakin da aka ware, muka ɗaga kan gadon, muka sa masa oksijin. Wajen sa allurar ƙarin ruwa ne na kasa. Safar hannu biyu, gilashin fuska ya yi hazo da numfashina, jijiyar da na saba lalubowa da yatsa ta ɓace min. Sau biyu ina sokawa ban samu ba. Matiron ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ƙanwata, ja numfashi, ki ɗaura igiyar sama kaɗan." A na uku jini ya bayyana. Baba ya ce, "Allah Ya yi miki albarka, 'yata." Hawayena cikin takunkumi ya tsaya, don ba halin taɓa fuska.

An kira magariba ina cikin rigar kariya, zufa har cikin takalmi. Cire ta ma da ƙa'idarsa, ɗaya bayan ɗaya, ana wanke hannu a tsakani, don a nan ne ma'aikaci ya fi saurin shafo cutar. Sai wajen bakwai da kwata na sha ruwa, dabino biyu da fiya wata a bayan sashe, mu uku kowa nesa da kowa.

Kafin na tashi na leƙa Baba. Na'urar tana nuna 89, ya samu barci. Ɗansa na zaune a baranda, ya ƙi tafiya gida.

Ɗazu Umma ta tambaye ni ta bayan ƙofa ko na ci wani abu. Na ce eh. Na saita ƙararrawar sahur. Gobe da na isa, gadon Baba zan fara dubawa.