Godiya bayan horon makunnin tafi a Tudun Wada

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an kammala horon haɗa makunnin da ke tayar da moton lantarki da tafi, wanda aka yi ranar Asabar a Tudun Wada, Kaduna. Muna godiya ga mai unguwa da ya ba da wuri, da iyayen da suka turo 'ya'yansu maza da mata, da 'yan'uwanmu na Panteka da suka kawo ƙananan moto masu bolt 12 kyauta. Allah ya saka da alheri.

Godiya ta musamman ga dattijon nan mai gyaran rediyo da ya hana a ba allunan da aka haɗa kayan a kai wuta sai da aka sa dayod 1N4007 (mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai) a kan koyil, wato naɗin waya, na kowane rile (makunnin da ke ba moton wuta), gefen mai zobe yana kallon wayar plos. Baba, Allah ya ƙara girma. Idan rile ya saki, koyil kan maido da wuta baya da ƙarfi, kuma BC547, taransiston da ke jan rile, ba ya jure ta.

Yara kuwa sun faranta mana rai da tambayoyinsu, musamman waɗanda motonsu ke tashi ya mutu da tafi ɗaya. Tafi ba sauti guda ba ne, yana da amo, sai CD4017, ɗan guntun da ke ƙirga tafi, ya ƙirga biyu: na farko ya kunna, na biyu ya kashe. Hana wannan shi ne aikin NE555, ɗan guntun da ke auna lokaci: resisto 100k da kafasita 10µF a ƙafa ta 6 da ta 7 suna toshe masa kunne na kusan daƙiƙa ɗaya. Daga ƙafarsa ta 3 a shiga ta 14 ta CD4017, a jikin CD4017 ɗin a haɗa ta 4 da ta 15, a kai ta 13 ƙasa, sannan ta 2 ta bi resisto 1k zuwa taransiston da ke jan rile. Wanda ya manta ƙafa ta 13, allonsa zai riƙa yin abin da ya ga dama.

Masu moton da ke kashe kansa, ƙararsa ce makirfo ke ji, ko tartsatsin buroshin da ke cikin moton ke biyo waya. A nisanta makirfon, a ba moton batirinsa daban, a sa 100nF tsakanin ƙafafunsa biyu.

Roƙonmu ga iyaye: kada yaro ya kai wannan allo kan wutar gida mai bolt 230 shi kaɗai. Moto na jan ninkin wutarsa sau da yawa lokacin tashi, har bakin ƙaramin rile ya narke ya manne. Famfon rijiya sai da kontakta (babban rile mai jure wuta mai yawa) da fiyus. Injin markaɗe da na yankan katako kuwa, sam bai dace da su ba, domin bugun ƙofa ko dawowar wutar NEPA na iya tayar da su hannun mutum na ciki.

Waɗanda ba su gama narka dalma ba, allunansu na nan a ajiye da sunayensu, su zo Asabar bayan la'asar. Mun gode ƙwarai.