Faifai ya cika, bayanan kuma ba su taka kara sun karya ba

Akwai wata ƙungiyar 'yan kasuwa a Kano da nake kula musu da manhajar da suke rubuta adashe da bashin mambobi. Rumbun bayanansu PostgreSQL 15 ne, yana zaune a hannun wani kamfani mai ba da hayar saba (kwamfutar da ke riƙe bayanai) a intanet, kuma tsarin da suke biya ya ba su faifai mai gigabait 10. Wata safiya saƙo ya shigo imel cewa an cinye sama da gigabait 9, idan ya cika kuma za a hana rubutu, sai dai karatu. Ma'ana sakatare zai buɗe manhaja ya ga sunan kowa, amma ba zai iya shigar da zubin ko mutum ɗaya ba.

Da na gaya wa shugaban ƙungiyar, cewa ya yi, "Injiniya, mu nawa ne duka? Sunaye ne fa da lambobi. Ko dai kamfanin ne yake so mu ƙara kuɗi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni lokaci in duba tukuna." Ya kawo shawarar a goge bayanan shekarun baya. Na ce a dakata, domin a PostgreSQL gogewa ba ta rage girman fayil nan take, ga shi kuma tarihin bashin mutane ba abin wasa ba ne. Ƙara faifai ma ban so ba a lokacin. Da dala ake biya, kuma a wurin kamfanoni da yawa faifai idan ya girma ba ya komawa baya sai an yi ƙaura zuwa sabo.

Abu na farko da na yi shi ne auna abu ɗaya ta hanya uku. Na ɗauki kwafin ajiya da pg_dump, fayil ɗin bai kai gigabait 1 ba. Na tambayi rumbun da kansa:

select pg_size_pretty(pg_database_size(current_database()));

Ya ce wajen gigabait 4. Allon kamfanin kuma yana nuna 9 da ɗoriya. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kowanne da abin da yake ƙirgawa. Shi pg_dump layukan da ke raye kawai yake kwashewa, fihirisa kuma, wato jerin da ke hanzarta neman layi a tebur, umarnin sake gina ta yake rubutawa, ba ita kanta ba. Shi pg_database_size yana ƙirga duk fayilolin wannan rumbu, da mai amfani da wanda ya mutu. Allon kamfani kuwa faifan gaba ɗaya yake kallo, har da abubuwan da ba sa cikin kowane tebur. Da na ga haka sai na san matsala biyu ce ke gabana: akwai gibi tsakanin 1 da 4, akwai wani tsakanin 4 da 9, kuma da wuya a ce dalilinsu ɗaya.

Na fara da ƙaramin gibin, don shi ne ake iya gani da SQL kai tsaye. Na jera tebura bisa girma ta amfani da pg_total_relation_size. A nan akwai tarko. Idan ka yi amfani da pg_relation_size, asalin teburin kaɗai zai ba ka, ban da fihirisa, ban da TOAST. PostgreSQL yana ajiye bayanai a shafuka masu kilobait 8, kuma layin da ya wuce kimanin kilobait 2 yakan matse manyan ɓangarorinsa ko ya kai su wani tebur na gefe, wato TOAST. Teburin mambobi ya yi kama da ɗan mitsitsi, ashe hotunan fasfo na mutane a cikin rumbun aka zuba su, suna can gefe. Wannan ya bayyana yawancin girman kwafin ajiyar, tunda hoton JPEG ba ya ƙara matsuwa. Amma hotunan bayanai ne na gaske, ba su ne suka ɓace ba.

Tebura biyu ne suka ba ni mamaki. Na farko ma ba namu ba ne: cron.job_run_details. Ƙarin nan mai suna pg_cron, wanda ke gudanar da ayyuka bisa jadawali, yana rubuta layi ɗaya duk lokacin da wani aiki ya gudana, kuma ba ya sharewa da kansa. Akwai aikin da ke tashi kowane minti don duba wa ya kamata a tura wa tunatarwa. Layi 1,440 ke nan a rana, sama da rabin miliyan a shekara, daga aiki guda. Wanda ya tsaya duba teburan da ke cikin public kaɗai, wato sashen da tebura suke shiga idan ba a zaɓi wani ba, ba zai taɓa ganinsa ba. Wannan mai sauƙi ne. TRUNCATE, umarnin da ke share tebur gaba ɗaya, ya mayar da wurin nan take, sannan na sa wani aiki da ke share duk abin da ya wuce kwana 7.

Na biyun shi ya ci mini lokaci. Tebur ne da ke riƙe da zaman masu shiga manhaja, layukansa 'yan dubbai ne, amma ya haura gigabait ɗaya da rabi. Duk lokacin da wani ya taɓa manhajar, ana sabunta lokacin da aka gan shi na ƙarshe. A PostgreSQL, UPDATE ba ya goge tsohon layi ya rubuta a kansa. Sabon layi yake rubutawa, ya bar tsohon a wurinsa da alamar ya mutu, saboda wataƙila akwai wani da ya fara karatu tun kafin canjin kuma dole ya ci gaba da ganin tsohon. DELETE ma haka yake, alama ce kawai. Mai zuwa ya kwashe matattun shi ne VACUUM, kuma akwai autovacuum da ke tashi da kansa idan matattun layuka suka wuce 50 haɗe da kashi 20 cikin ɗari na teburin.

Na duba pg_stat_user_tables. Ginshiƙin last_autovacuum ya nuna ana ta share teburin akai-akai, amma n_dead_tup yana cikin miliyoyi. Ana shara, datti bai ragu ba. Na gudanar da VACUUM VERBOSE da hannuna, sai ga amsar a tsakiyar rahoton: layukan "dead but not yet removable" ne, sun mutu amma ba a da izinin kwashe su. Wani ne ke riƙe da su.

A pg_stat_activity na same shi. Wata haɗuwa ce da ke zaune a matsayin idle in transaction, xact_start ɗinta na nuna makonni. Wani ɗan shirin fitar da rahoto ne da ke gudana a wata ƙaramar saba. Ya buɗe aiki da BEGIN, ya rubuta layi ɗaya, ya maƙale yana jiran wani abu, bai kai ga COMMIT da ke rufe aikin ba. Muddin yana nan a buɗe, PostgreSQL ba zai kwashe duk wani layin da ya mutu bayan farawarsa ba, a kowane tebur na rumbun, ba wanda ya taɓa kaɗai ba. Ba kowace haɗuwa mai wannan matsayi ce ke hana shara ba, don haka kada a bi su ana kashewa ido rufe. A duba backend_xid da backend_xmin: wadda ke da tsohuwar lamba a ɗayansu ita ce mai laifi. Na rufe ta da pg_terminate_backend, na sake VACUUM, matattun layukan suka tafi.

Girman fayil ɗin kuwa ko gezau. VACUUM na yau da kullum yana buɗe gurabe ne a cikin fayil don sababbin layuka su shiga. Ba ya mayar wa faifai komai sai shafukan da suka zama fanko a can ƙarshen fayil. Kamar shago ne da aka kwashe kaya daga kantoci: wuri ya samu a ciki, amma mai gida bisa girman ɗaki yake karɓar haya. Mai rage girman da gaske shi ne VACUUM FULL, wanda ke sake rubuta teburin da fihirisoshinsa daga farko. Sai dai yana buƙatar wurin ajiye sabon kwafi kafin ya jefar da tsohon, yana kuma haifar da nasa rubutun a WAL, kundin da zan yi bayaninsa a ƙasa. Da ƙasa da gigabait ɗaya a hannu, ban yarda in taɓa shi ba sai na gano babban gibin.

WAL kundi ne da PostgreSQL ke rubuta kowane canji a ciki kafin ya taɓa asalin fayilolin, don idan wuta ta ɗauke a iya farfaɗowa. Yana zaune a pg_wal, a fayiloli masu megabait 16 kowanne, kuma pg_database_size ba ya lissafa shi ko kaɗan. A kan saba ta haya ba ni da damar leƙa fayiloli, amma akwai hanya ta SQL ga mai izinin pg_monitor:

select pg_size_pretty(sum(size)) from pg_ls_waldir();

Kusan gigabait 5. Ga shi max_wal_size yana kan gigabait 1 da ya zo da shi. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan saiti a matsayin katanga, alhali ba haka ba ne. Yana sa a yi CHECKPOINT ne, wato a sauke canje-canje cikin asalin fayiloli don a iya jefar da tsohon WAL, idan an doshi wannan girma, amma idan akwai mai buƙatar tsofaffin fayilolin, PostgreSQL zai ajiye su ko da faifai zai fashe. Abubuwan da ke jawo haka sanannu ne: ko aikin kwashe WAL zuwa ma'ajiyar waje yana faɗuwa, ko an sa wal_keep_size da yawa, ko akwai gurbin kwafi da aka yi watsi da shi. Na duba pg_stat_archiver, lafiya lau. Na duba pg_replication_slots, sai ga gurbi guda, nau'in logical, active ɗinsa false. Na auna tazarar da ke tsakanin pg_current_wal_lsn da restart_lsn ɗinsa ta pg_wal_lsn_diff, ta yi daidai da abin da ya ɓace.

Gurbin kwafi alkawari ne da rumbu ke yi wa wani mai karɓar canje-canje: ba zan jefar da komai ba sai ka ce ka karɓa. Idan mai karɓar ya tafi bai yi sallama ba, alkawarin yana nan. Sunan gurbin ya nuna na wata manhajar kwashe bayanai zuwa wurin yin jadawalin rahoto ne. Na kira wanda ya riƙe aikin kafin ni. Na ce, "Malam, akwai wani gurbi a nan, naka ne?" Ya yi dariya ya ce gwaji ne suka yi na kyauta, lokacin ya ƙare suka bar shi. Wannan kiran ya zama dole, domin idan aka goge gurbin da wani ke dogaro da shi, sai ya sake kwashe komai daga tushe. Da ya tabbatar babu mai amfani da shi, na kira pg_drop_replication_slot. Ban ga canji nan take ba, sai da CHECKPOINT na gaba ya wuce, wanda a saitin asali ba ya wuce minti 5. Allon kamfanin ya ɗan ƙara jinkiri kafin ya nuna, don ba kowane daƙiƙa yake aunawa ba.

Ga masu riƙe da sabarsu da kansu: kada a shiga pg_wal a goge fayiloli da hannu don neman wuri. Rumbun zai iya ƙin tashi, ko ya tashi da bayanai a lalace. Kafin PostgreSQL 10 sunan wurin pg_xlog ne, kuma ɗaya daga cikin dalilan canza sunan shi ne yadda mutane ke ɗauka tarin rahoton banza ne su share.

Da wuri ya samu na koma kan teburin nan mai kumburi. VACUUM FULL yana kulle tebur gaba ɗaya, ba karatu ba rubutu, don haka na bari sai bayan isha'i da kasuwa ta tashi, na kuma sanar da sakatare tun da rana. Tunda layukan da ke raye kaɗan ne, bai ɗauki lokaci ba, teburin ya dawo 'yan megabait. Da babban tebur ne da ba a iya tsayar da shi, pg_repack zan nema, mai matse tebur ba tare da dogon kulli ba, idan kamfanin ya yarda da shi. Ban bi sauran teburan da VACUUM FULL ba. Teburin da ake rubutu a cikinsa kullum zai sake cike guraben da ke ciki da kansa, matse shi wahala ce kawai.

Saituna biyu na canza, waɗanda a ganina bai kamata a bar su yadda suka zo ba a kan faifai mai iyaka. Na ɗaya idle_in_transaction_session_timeout, wanda yake a kashe tun asali. Na sa masa minti 10, duk haɗuwar da ta buɗe aiki ta yi barci za a yanke ta. Na biyu max_slot_wal_keep_size, wanda ya shigo a PostgreSQL 13 kuma yake zuwa ba iyaka. Na sa gigabait 2. Akwai farashi: gurbin da ya wuce wannan iyaka zai lalace, mai shi ya sake farawa. Na gwammace rahoto ya tsaya da a ce littafin adashe ya kulle ranar zubi. Shi kuma sabunta lokacin ganin mutum, mun mayar da shi sau ɗaya a minti 5 maimakon kowane taɓi.

Yanzu akwai ɗan aiki da ke rubuta lambobi huɗu kowane dare a wani ƙaramin tebur: girman rumbu, girman WAL, tsawon lokacin aikin da ya fi daɗewa a buɗe, da tazarar kowane gurbin kwafi. Shi ma yana share nasa tsofaffin layukan. Faifan ya tsaya a ƙasa da gigabait 3, kuma mafi yawan bayanan da ke raye a ciki hotunan fasfo ne. Na rubuta wa shugaban ƙungiyar cewa a mayar da su ma'ajiyar fayiloli a bar adireshinsu kawai a tebur, ya ce a bari sai bayan taron mambobi na ƙarshen wata.