Tambayar da Nake Yi Kafin In Kama Hannun Mace

A shekarun farko da na yi ina gyaran farce da ƙunshi a Unguwar Rimi, na ɗauka gwanintar wannan sana'a a hannu take kawai, wato zane ya fita tsaf, farce ya yi sumul, mace ta tashi tana murmushi. Wata baiwar Allah ce ta gyara mini tunani. Ta zo ana saura kwana huɗu bikin ƙanwarta, na yi mata zanen dayis, wato baƙin lalle, a bayan hannu. Washegarin walima ta dawo hannu a kumbure, furen da na zana ya tashi ya zama ƙuraje masu ruwa, sak yadda na zana shi. Ta ce, "'Yar'uwa, ai bara ma da na rina gashina haka kaina ya yi." Har yau maganar tana ci mini rai, domin da na tambaye ta, da ta faɗa mini.

Likitan da ya duba ta ne ya fahimtar da ni cewa baƙin lalle yakan ƙunshi sinadarin PPD, wanda ake zubawa a rinin gashi, kuma jikin da ya taɓa ƙin sa ba ya mantawa. Jan lallenmu na gargajiya ba kasafai yake cutarwa ba. Daga baya na gano cewa jel ɗin da ake shafa wa farce da farcen roba ma suna da tasu matsalar, saboda sinadarai irin su HEMA, waɗanda idan suka taɓa fata tun ba su daskare ba suna iya haddasa ƙaiƙayi da tsagewar yatsu, wani lokaci har fatar ido ta kumbura. A 2018 ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kan haka. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne dangin waɗannan sinadarai ake amfani da su wajen cike haƙori, don haka sakacin da aka yi a shagon kwalliya yana iya bin mace har gaban likita.

Tun daga lokacin na daina dayis, na kuma ajiye littafi. Kafin in taɓa hannun kowa sai na tambaye ta ko tana borin jini, ko rinin gashi, gam ko safar hannu ta roba sun taɓa yi mata illa, in rubuta, ta sa hannu. Lallen da na yi shakkarsa nakan ɗiga shi a cikin gwiwar hannu, mu jira awa 48. Shi jel ba a gwada shi a fata, kiyayewa ake yi kada ya taɓa ta, sannan a bar shi ƙarƙashin fitila har ya daskare sarai.

Kuɗin maganin matar nan daga aljihuna ya fita, kuma shi ya kai ni neman inshora. Na zaɓi takaful, wato inshorar Musulunci, wanda hukumar kula da inshora ta Najeriya, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, domin tsarinsa na taimakekeniya ya fi kwanta mini. A ofishin kamfanin takaful ɗin na gane cewa takardar da ta shafi gobara da sata ba lallai ta shafi cutar da aikin hannunka ya jawo wa wani ba, sai an nemi hakan an rubuta shi ɓaro-ɓaro. Jami'in da na zauna da shi bai tambaye ni kyan zanena ba, littafin nan ya nemi gani, da takardun sayen kaya, da lambar NAFDAC a jikin kwalabe.

Jajibirin Sallar da ta wuce, shago cike maƙil, wata hajiya ta ƙosa da tambayoyina ta ce, "Ke 'yar nan, asibiti na zo ne?" Na ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya, minti biyu ne." Ta yi shiru, can sai ta tuna cewa gam ɗin gashin ido ya taɓa kumbura mata fuska. Na mayar da kwalbar gam cikin durowa, na kwaɓa mata jan lalle.