'Yan Kasuwa da Ruwan Shan Sakkwato

Mafi yawan ruwan famfon da ke isa gidajenmu a Sakkwato daga kogin Rima yake fitowa, wanda madatsar Goronyo, da aka kammala a 1984, ke tsare shi, kuma kafin a sha shi sai an zuba alif domin laka ta kwanta, an tace, sannan an sa kilorin. Idan za a miƙa wannan aiki ga kamfani mai zaman kansa, ba ni da ja, muddin gwamnati ce ke ƙayyade farashi da duba ingancin ruwan. Ai tuni 'yan ga-ruwa da masu ruwan ledar da hukumar NAFDAC ke yi wa rajista suka riƙe unguwannin da famfo ya ƙafe, musamman a bazara.