Ɗakin da Ingila ta miƙa wuya a Singafo

Taron da ya kai ni Singafo ya ƙare ranar Alhamis, jirgina kuma sai Asabar da dare, sai na ce bari in leƙa tsohuwar masana'antar motoci ta Ford da ke Bukit Timah, wadda aka mayar gidan tarihi. Tasi na fara tarewa. Da na lissafa kuɗin da naira, na yi wa direban godiya na nemi tashar bas. A ƙasar nan ko ruwan gora za ka saya sai ka shawarci aljihunka.

A wannan gini ne Janar Percival na Ingila ya miƙa wuya ga Janar Yamashita na Japan ranar 15 ga Fabrairun 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Na zaci wata fada zan tarar. Ashe ɗakin taron ma'aikata ne, tebur da kujeru, da kyar ya kai zauren mai unguwarmu. A nan aka sa hannu, sojoji wajen 80,000, Turawan Ingila da Indiyawa da mutanen Ostireliya, suka zama fursunoni, alhali sun fi masu kama su yawa nesa ba kusa ba.

Japanawa sun sauka Kota Bharu da ke arewacin ƙasar Malaya (wani ɓangare na Malesiya a yau) ranar 8 ga Disamban 1941, suka gangaro kudu, da yawansu a kan keke. Keke fa! Ranar 8 ga Fabrairu suka tsallako mashigin Johor da ya raba Malaya da Singafo, mako guda aka gama magana: madatsun ruwan sha sun faɗa hannunsu, famfunan birni na ƙafewa. Shi Percival ɗin ma ya san ƙasarmu, don ya yi shekaru yana hafsa a rundunar sojan Najeriya kafin 1930.

Amma wanda ya fahimtar da ni mamayar wani dattijo ne Bamalaye da muka yi sahu ɗaya a Masallacin Sultan. Ana sallame Juma'a ya ji daga Najeriya nake, ya riƙe hannuna sai gidan abinci: shinkafa, naman da aka dafa da madarar kwakwa, yaji kamar na gida. Na sa hannu a aljihu ya harare ni.

"Ɗana, baƙo ba ya biya. Ci shinkafa, mahaifiyata shekara uku da rabi tana marmarinta."

Ya ce rogo da dankali suka riƙe mutane. Japanawa sun sauya wa birnin suna zuwa Syonan, suka mayar da agogo lokacin Tokyo. Ya zaro wata tsohuwar takardar kuɗi daga walat, ta yi laushi, da hoton ayaba a jiki. Kuɗin mamaya ke nan, an yi ta buga su har suka zama ba su sayen komai. Sinawa suka fi shan wuya, in ji shi. A makonnin farko aka tara mazansu ana tantancewa, aka kwashi dubbai zuwa bakin teku aka harbe. Na ce masa mu ma kakanninmu sun gwabza da Japanawan a Bama. Bai taɓa ji ba, kuma abin ya ɗan sosa mini rai.

Ranar Asabar na bi ta gaban ginin da Japanawa su ma suka miƙa wuya ga babban kwamandan Ingila Mountbatten ranar 12 ga Satumban 1945, yanzu gidan zane-zane ne. Maƙabartar sojoji ta Kranji kuwa ruwan sama ya hana ni zuwa, ga lemar da aka yi mini tayi kuɗinta ya isa cefanen yini a Kano.